Birgin da Kawu Ya Saƙa a Rusaifa

A Makka babu abin da yake nuna wa mutum cewa kaka ta yi. Zafi ne kawai yake ɗan sassautawa da safe, shi ma sai wanda ya daɗe a garin yake lura. Ni dai ta ƙafafun Kawu nake ganewa. Da lokacin ya zo, sai ya kasa zama. Ya tashi daga tabarma ya je taga, ya dawo ya zauna, ya sake tashi ya buɗe firij ya rufe bai ɗauki komai ba. Ni kuma da ma ba mai kwanciyar hankali ba ne. Sai zaryarsa ta haɗu da fargabata, ɗakin ya yi mana kaɗan.

Kawu yayan mahaifiyata ne, masunci daga ƙasar Yawuri, inda kogi yake buɗewa ya zama tafki. Ya zo aikin hajji bayan rasuwar matarsa, da alhazai suka koma shi bai koma ba. Niyyarsa ɗaya ce, ya kuma faɗa mini ita tun ranar da na same shi a unguwar Jarwal riƙe da jakarsa: yana so ajali ya same shi a Makka, a yi masa salla a Harami, a rufe shi a nan. Ba shi da iƙama, takardar izinin zama. Ni ina da ita, ina aikin wanki da guga a wani shago. Saboda haka riƙonsa ya faɗo kaina, na kuma ɗauki niyyar tasa kamar amanar da aka danƙa mini a hannu. In aka kama shi, tarhil za a kai shi, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu, duk shekarun ɓuyan nan su tashi a banza.

Da muna unguwar Nakkasa abin da sauƙi. Lunguna ne a kan dutse, mota ba ta hawa, kowa namu ne, yakan fita ya sha shayi ya yi hira. Da aka rushe ɓangarenmu muka dawo Rusaifa, ɗaki ɗaya a saman wani bene, sai na hana shi zuwa ko'ina in ba masallacin da ke ƙasa ba. Kullum kafin in tafi aiki sai na ja masa kunne, in sauka, in sake hawowa in tabbatar ya ji. Wani lokaci ina tsakiyar guga zuciyata ta ce mini an tsayar da shi a ƙofar masallaci, in ajiye dutsen guga in kira shi. Ya ɗauka ya ce, "Ban mutu ba, ba a kama ni ba. Koma ka goge wandon mutane."

Wayar nan ita take kawo masa kaka. 'Ya'yan ƙanensa suna turo saƙon murya daga bakin kogi: "Baba, farin ruwan damina ya fara janyewa daga fadama, kifi yana komawa kogi. Jiya an kama giwan ruwa, sai da mutum biyu suka ciccibe shi." Ba maganar yake saurare ba, abin da ke bayanta yake saurare: ƙarar filafilin tuƙi a jikin kwalekwale, da muryoyin mata masu saye suna ciniki. Ya maimaita har ni ma na haddace. Daga nan sai ya soma ba ni darasi ko ban tambaya ba. A kaka karfasa take yin kitse. Tarwaɗa tana bin kwari ta koma gida. Mutum ya tsaya a bakin mashigi da sassafe, kafin rana ta taɓa ruwa. Yana kiran sunayen kifi, ragon ruwa, kurungu, ramboshi, kamar mai lissafa jikokinsa.

Wata shekara ya ce in sayo masa zaren roba. Na sayo. Ya ce in nemo dalma, irin wadda masu faci suke maƙala wa taya. Na nemo. Ashe birgi zai saƙa, ragar jifa mai zagaye, da dalma a bakinta. Ya ɗaura zaren a babban ɗan yatsan ƙafarsa ya yi ta saƙa, wata da watanni. Na yi murna da farko, don saƙa tana zaunar da shi. Amma da ya gama, sai ya hau rufin bene, ya jera takalmanmu a tsakiya, ya riƙa jifa a kansu.

A nan tawa wahalar ta soma. Rufin nan cike yake da tantabaru, kuma kowa ya san ba a farautar tsuntsun Harami. Wata rana birgin ya sauka, wata tantabara ta fizge ta ƙarƙashin bakinsa ta tashi, ta bar gashi ɗaya a raga. Na ɗauki gashin nan na sa a aljihu na je wurin malam, na tambaye shi ko akwai fansa a kanmu. Ya ce babu, tunda ba ita aka nufa ba kuma ba ta ji ciwo ba. Na yi godiya na fito. Washegari na je wurin wani malamin, don ina ganin ban yi wa na farkon bayani sosai ba.

Kawu yana da aboki ɗaya mai zuwa bayan la'asar, wani mahauci Bakano da ya daɗe a garin, mai iƙama da tsohuwar wanet, motar ɗaukar kaya. Mahauci da masunci abokan wasa ne, kuma su biyun ba sa raga wa juna. Tun daga matakala yake ɗaga murya.

"Sarkin Ruwa, yau takalmi nawa aka kama? A soya mini na dama, na hagu ƙashi ya yi masa yawa."

"Ji mai magana," in ji Kawu. "Kai da ba ka taɓa kama abin da ba a ɗaure maka shi ba. Sai an kayar, an danne, sannan ka zo da wuƙa kana haki."

"Ni dai abin da na yanka ana ci. Kai wa ya taɓa cin silifa?"

Shi mahaucin ne ya ɓallo maganar. Ya ce teku yana nan a Shu'aiba, ba wata tafiya ba ce, in an fita bayan asuba a dawo kafin la'asar. A kai tsoho ya jiƙa ragarsa ko sau ɗaya. Na ce fita ba wuya, shigowa ce matsala, akwai nuƙuɗa a hanya inda ake duba takardu. Na ce kuma can wajen haddi ne, wato iyakar Harami. In wani abu ya sami Kawu a can fa? A ce mutum ya ɓoye shekara da shekaru don ya mutu a Makka, ya je ya mutu a bakin ruwa saboda kifi?

Mahauci ya ce, "Wannan tsohon? Ya shehu, ko ni na sa masa wuƙa ba zai mutu kafin azahar ba."

Kawu bai yi dariya ba, bai kuma roƙe ni ba. Na ce a'a, aka bar maganar. Amma kwanakin da suka biyo baya ya daina zarya. In na dawo daga aiki sai in same shi zaune, birgin a kan gwiwarsa, abincin safe yana nan a rufe. Zaryar tana tayar mini da hankali, amma zaman ya fi ta. Na kira mahaucin da kaina, na ce mu je. Sannan na shiga kasuwa na sayo takalmin roba mai kauri, don wani abokin aikina ya ce duwatsun tekun suna yanka ƙafa.

Muka fita bayan asuba. Kawu yana baya, birgin a cikin buhu a jikinsa, da bokitin da muka tanada don kifi. Duk addu'ar da na sani na karanta, na koma farko. Ba wanda ya tsayar da mu. Da muka wuce alamar haddi sai na ji kamar na bar ƙofa a buɗe. Na waiwaya na dubi Kawu. Shi hancinsa yana waje, yana shaƙar iska.

Ban taɓa ganin ruwa mai launi irin na Shu'aiba ba, kore a gaba, shuɗi a can ciki, ba tsallake. Kawu ya sauko ya daɗe a tsaye. Sai ya durƙusa ya ɗiba da tafin hannu ya kai baki, ya furzar.

"Wa ya yi ɓarin gishiri a nan? Kuma dubi, ana ganin ƙasansa tas. Ruwan da ba ya rufa wa kifi asiri, ina zai tara kifi?"

Duk da haka hannunsa yana kwance bakin buhu.

Akwai wani mutum kusa da mu, Balarabe mutumin Jizan, zaune a gindin ƙaramin jirginsa yana dafa shayi a kan ɗan murhun gas. Ya ga birgin ya taso ya yi sallama. Larabcin Kawu bai wuce gaisuwa ba, mahauci ne yake fassara. Mutumin ya ce a nan ƙasan ruwan duk murjani ne, duwatsu masu rassa da kaifi, raga in ta sauka ba ta tashi. Mu ƙara gaba, akwai wurin yashi. Kawu ya ce a gaya masa ya gode. Amma idonsa ya riga ya ga wasu ƙananan kifaye suna walƙiya a gefe, kuma na san ba zai ƙara ko taku ɗaya ba.

Na miƙa masa takalmin roba. Ya karɓa ya duba gaba da baya, ya ajiye a kan yashi, ya cire ma silifar da ke ƙafarsa.

"Kawu, don Allah."

"Mu ba ma shiga ruwa da takalmi. Ruwa gidan wasu ne, ba a shiga ɗakin mutane da takalmi. Kuma a koginmu ido ba ya ganin komai, ƙafa ce take gaya maka nan yashi ne, nan laka, nan icce. Ka sa mini wannan, ka makantar da ni."

Ya shiga har ƙauri. Ya rataya wani sashe na ragar a kafaɗa, ya kama bakinta, ya juya ƙugu, ya saki. Birgin ya buɗe a sama zagaye cif, ba inda ya lanƙwashe, ya sauka a kan ruwa da ƙara guda. Mutumin Jizan ya ce masha Allah. Mahauci ma bai sami abin tsokana ba. Ni fuskar Kawu nake kallo. Duk zamanmu da shi ban taɓa ganinta haka ba.

Ya ja igiya. Ta zo kaɗan ta tsaya. Ya sassauta ya sake ja, ta ƙi. A kogi in raga ta kama iccen da ya nutse, masunci yakan bi igiya ya laluba da ƙafa ya kwance ta, ba wani abu ba ne. Haka Kawu ya yi. Ya bi igiyar, ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai cinya. Mutumin Jizan yana ɗaga hannu yana ihu da Larabci. Ni ina bakin ruwa da takalmi a hannu biyu, ina gaba ina baya, ina kiran Kawu, Kawu. Sai na ji ya yi wani sauti da ban san mutum yana iya yi ba, ya zauna cikin ruwan.

Mahauci da Balaraben ne suka ɗauko shi. A tafin ƙafarsa ƙananan huji ne kawai, jini ma kaɗan, amma muna kallo ƙafar tana hawa. Mutumin ya ce wani kifi ne da yake kwanciya a ƙasa kamar dutse, da ƙayoyi masu dafi a bayansa. Ya juye shayinsa ya ɗora ruwa, ya zuba a bokitinmu na kifi, ya sirka daidai yadda fata za ta iya ɗauka, ya tsoma ƙafar. Kawu yana cizon bakin rigarsa, gumi yana zuba. Mutumin ya dube ni ya ce, "Mustashfa, dahin." Wato asibiti, yanzu.

Na kasa tsayawa wuri ɗaya. In mun je asibiti, a ganina farkon abin da za a tambaya iƙama ce. In mun zauna, yana iya cikawa a nan, a wajen haddi. In mun kama hanyar Makka, ga nuƙuɗa, da tsoho yana nishi a bayan mota. Na je mota na dawo, na sake zuwa, na buɗe ƙofa na rufe.

"Malam," in ji mahauci, kuma wannan karon babu wasa a muryarsa, "tsaya ka yi magana. Kai ne jininsa."

Kafin in buɗe baki Kawu ya saki rigar daga haƙoransa. "Ba asibiti. Ku mai da ni Makka."

Muka sa shi a baya da ƙafar a bokiti, ni a gefensa. Mutumin Jizan ya cika mana filas da ruwan zafi, ya ƙi karɓar komai. Duk hanya idona yana kan ƙirjin Kawu, in ya ɗaga in saki numfashi, in ya yi jinkiri in girgiza shi. Ruwan bokiti yana fallatsa mini a wando. Ina ce wa mahauci ya yi sauri, ina kuma ce masa ya rage gudu kada a tsayar da mu.

A nuƙuɗa motoci sun yi layi. Na rufa wa Kawu mayafi a ƙafa, na fito da iƙamata na riƙe har ta jiƙe da gumi. Jami'in ya leƙo ya dubi mahauci, ya dubi bayan motar, wata babbar mota ta danna oda a bayanmu, ya yi mana hannu mu wuce. Shi ke nan. Abin da na shekara ina tsoronsa bai kai tsawon sallama ba.

Da muka wuce alamar haddi na kama hannun Kawu. "Kawu, mun shigo. Alhamdu lillahi, mun shigo Harami. Yanzu ko da…" Na haɗiye sauran.

"Ko da me?" in ji mahauci daga gaba. "Ƙarasa mana, mu ji addu'ar da kake yi wa kawunka."

Kawu ya buɗe ido. Na ɗauka hamdala zai yi. Sai ya ce, "Kun ciro birgin?"

Ba wanda ya ciro. Yana can a kan murjani.

Ƙafar ta daɗe. Wani ɗan uwanmu da iyayensa suka zo ta Sudan, mai aiki a kantin magani, shi ya riƙa zuwa yana dubawa, ya ba da magunguna, ya koya mini wankin ciwon. Tafin ya yi baƙi, ya sale, sabon nama ya soma fitowa. Na yi ta gode wa Allah, na kuma yi alkawari a raina cewa an gama, daga ɗaki sai masallaci. Saƙonni suna ta zuwa daga gida. Kaka ta wuce, baƙin ruwa, cikar kogi ta lokacin sanyi, ya iso. Kawu yana saurare sau ɗaya ya kife wayar.

Wata safiya ina naɗa masa bandeji ya ce, "Ka tambayo mini yadda ake miƙa kai. Zan koma."

Na zauna a ƙasa da bandejin a hannu. Na ce Kawu, bayan duk wannan? Allah Ya fitar da mu a nuƙuɗa, Ya dawo da kai cikin haddi, sannan ka kai kanka da ƙafarka?

"Saurara, ɗan nan. Da zafin nan ya hau mini ƙirji a bakin ruwa, na ɗauka tafiyar ce. Na so in tuna Harami, wallahi na so. Abin da ya zo mini shi ne mashigin garinmu, da tunanin wa zai ja kwalekwalena sama kada ruwa ya tafi da shi. Kwalekwalen da na sayar tun kafin in taho. Na zauna a ɗaki ina jiran mutuwa, ita ba ta zo ba, kaka kuwa kullum sai ta zo. Kai ma ka huta da hawa bene sau biyu."

Na yi masa magiya, na sa mahauci ya yi masa. Mahauci ya saurare ni ya ce, "Malam, ka ga fuskarsa da ya yi jifan nan ko ba ka gani ba?" Na je wurin malam na tambaya ko akwai laifi mutum ya warware irin wannan niyya, ko kuma laifin yana kaina da na kai shi teku. Ya ce babu laifi a kan kowa, ba bakance ya yi ba. Na je wurin na biyun. Shi ma haka.

A wanet ɗin nan muka kai shi tarhil, da jakar da ya zo da ita. A bakin ƙofa mahauci ya rungume shi, idonsa ya yi ja.

"Sarkin Ruwa, in Allah Ya sa ka kama wani abu ban da takalmi, a turo mana banda."

"Zan turo maka kan kifi da ƙaya," in ji Kawu. "Daidai haƙoranka."

Ya shiga yana ɗingishi, bai waiwayo ba.

Yanzu kaka ta sake yi. Ɗakin Rusaifa ya yi mini yawa, takalmin roban yana nan bayan ƙofa, ba wanda ya taɓa sa shi. Na ɗauka in ya tafi hankalina zai kwanta. Sai dai abin tsoron ne ya canza. Tsoho mai ɗingishi a cikin kwalekwale, ga dorina, ga iskar tafki. In na kira da safe ba ya ɗauka, yana kan ruwa, ni kuma in kasa guga har azahar. Sai can saƙo ya shigo, gajere, iska tana kaɗa muryarsa. Jiya cewa ya yi karfasa ta yi kitse bana, kuma ya soma saƙa sabon birgi. A ƙarshen saƙon akwai wani sauti. Na maimaita shi a shago, na maimaita a kan matakala, har yanzu ban tantance ba ko tari ya yi ko filafili ne ya bugi jirgi.